Hamirarki Tana Aiki a Alshajara, Inna

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, da fatan Allah Ya ƙara miki ni'ima a makwancinki, na zo miki da labarin tukunyarki ta kullun kisra, gurasar dawar nan tamu ta Sudan mai faɗi marar kauri. Ki kwantar da hankali, babu wanda ya mutu, amma an kusa.

Kin san tukunyar da nake nufi, wadda kika ɗauko a ka daga gonakin Jazira har unguwar Mayo a Khartoum. Kullum in kin gama tuya sai ki bar ɗan kullu a gindinta, hamirar da za ta tsamar da na gobe. Kina cewa, "Hamira ba a sayar da ita, ba a hana mai roƙo, tukunyarta kuma ba ta ganin sabulu." Da kika rasu Yaya Zainabu ta tafi da ita Umdurman, ta hana kowa ko leƙawa.

Ni kuwa kin bar ni ina aiki a wata ƙaramar masana'anta a Alshajara. Har kika koma ga Allah ba ki yarda aiki ba ne. Muna zuba ragowar ruwan rake da dusar dawa a manyan tankuna, mu saki bakteriya, ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, su ci su mayar da shi sinadari mai tsami da majema da masu yin roba suke saye. Na yi miki wannan bayani, kika ce wato dai na zama makiyayin abin da ba a gani, ba nono ba layya.

To, waɗanda muke sayowa daga waje 'yan gata ne. Kaharaba, wato wutar lantarki, na ɗaukewa, zafin Khartoum ya taɓa su, sai su miƙe ƙafa. Shugabanmu ya ce kowa ya kawo cokalin kullun gidansu a gwada. Na je wurin Yaya da kwano. Ya salam! Ta ce hamirar uwarmu ce zan kai wa injina su sha? Na ce ni mai roƙo ne. Ta harare ni, ta ɗebo, don ko ita ba ta isa ta karya maganarki ba.

Inna, naki ne suka ci jarrabawa. Zafi bai dame su ba, yunwa ba ta dame su ba, sak halinki. Kin sha yi mini gorin jikoki, ga su nan cike da tanki, ba sa ƙirguwa, kuma ba wanda ya taɓa neman kuɗin makaranta.

Sai ga amaryar Usman, ɗan Yaya, yarinya mai hankali wadda ta tashi da cin burodi, ba ta san sha'anin kisra ba. Tana son ta burge surukarta, ta ga tukunya da ɓawon kullu, ta sa sabulu ta dirje ta tas, ta kife a rana. Wai har da murmushi ta nuna wa Yaya. An ce ihun Yaya ya tsallaka kogin Nilu. Maƙwabtan da kika taɓa ba wa duk sun watse, na kasuwa kuma Yaya ta ce ɗanɗanonsa kamar takarda. Ta daina cin kisra, ta daina amsa gaisuwar yarinyar, yarinyar ta fara haɗa kayanta. A nan dariya ta ƙare mini, domin na ga gida zai rabu, kuma ɗanɗanon hannunki zai bar duniya.

Ashe ragowar cokalin nan yana cikin firjin wurin aikinmu, yadda na kawo shi. Na aika wa Yaya labari. Washegari sai ga raksha, keken nan mai ƙafa uku, a ƙofar masana'anta, Yaya ta sauko da tob ɗinta, lafayar nan ta biki, da kwano a hannu. Aka ba ta farar rigar shiga ɗakin tankuna ta ce ita ba gawa ba ce. Na tsaya na gyara murya, na ce ban ji roƙo ba. Kallon da ta yi mini, wallahi naki ne, sai da na nemi wurin ɓuya. Amma ta roƙa.

Ta sa amaryar ta dama kullun da hannunta, tana tsaye a kanta kamar soja. Ya kumbura, Inna. Ya tashi da ƙamshin nan na ɗakinmu na Mayo.

Kin koya mana wanda ya karɓi hamira yakan kai wa mai ita kisrar farko. Jiya suka zo su biyu, yarinyar na riƙe da tire. Yaya ta ce ba don ni ta kawo ba, na jikokin Inna ne, ni dai in ci a madadinsu. Na ci a tsaye a gindin tanki. Loma ɗaya na yi idona ya cika, na ce wa abokan aiki barkono ne. Babu barkono a ciki, Inna. Kewarki ce.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna yadda kika ciyar da mu. Amin.

Autanki makiyayi,
Sale