Ɗanwaken Jamus

Madain Fahd, Jidda

Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna, ya ƙarin haƙurinmu? Ni lafiya lau, ina cin abinci, kada ku damu.

Kin tambaye ni abin da ya hana ni kira da 'yata Na'ima ta rasu. Lokacin muna Jamus, Yaya. Uwar ɗakina Rana ta tafi da ni hutu in riƙe mata yaranta. Layina ba ya aiki a can, saƙonki wayarta ya shiga. Ta karanta, ta yi shiru kwana tara, wai kada hutun yara ya lalace.

Na lissafa ranar, Talata ce. Muna wani gidan abinci a kudancin ƙasar, yaran sun ƙi komai, sai aka kawo abincin mutanen wajen: ƙullun fulawa da ƙwai da ake sakawa a tafasasshen ruwa kamar ɗanwake, da cuku da soyayyar albasa a kai. Ina hura wa ƙaramar, Layan, ina ba ta a baki, ina cewa a raina zan gwada wa Na'ima in na dawo. Ashe lokacin kuna yi mata wanka.

Sai da muka sauka Jidda Rana ta faɗa mini a mota. Ta ce, "Halas, abin ya wuce, ya Latifa, haƙuri." Allah yana ji. Har yau ni ke ba su abinci, yaran ba su da laifi.

Ranar arba'in kada ku yi waina. Ku yi ɗanwake, ku tara yaran layinmu, a sa mai da yaji yadda Na'ima take so. Ƙaramar cikinsu ki ba ta a baki, Yaya, a madadina.

Ƙanwarki,
Latifatu