Na sauya wilin da Baba ya zaɓa mini, shi kuwa sai fahariya yake da shi

Kawu mai wannan fili, don Allah ka taimake ni da shawara kafin Asabar. Farin ciki ya cika mini ciki har ya yi yawa, na rasa wanda zan faɗa wa, kuma a ƙarƙashin farin cikin akwai abin da ke cizo na.

Ni tela ce, shekarata goma sha shida ina ɗinka kayan mata. Tun ina yarinya ba abin da nake so irin motar nan mai ƙofa biyu, 'yar gajeriya, wadda in ka shiga sai ka ji kamar a ƙasa kake zaune. Bara Allah ya cika mini burina, na sayi wata ja, ta hannu ce amma lafiyarta ƙalau. Mijina ya shiga sau ɗaya ya ce gwiwarsa ta yafe. Abu guda ne ya dame ni, wilinta na kamfani, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. Inci goma sha bakwai ne, siriri, ya shige can cikin madigadi, sai motar ta zama kamar yaron da aka sa wa rigar yayansa. Na ƙudura sai na sauya shi.

Mahaifina bakanike ne, ya yi shekara arba'in da ɗoriya a kan manyan motoci, su tifa da motocin ɗaukar kaya. Ya ajiye aiki ne da idonsa ya fara rauni, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. Ban taɓa ganin Baba da tef ɗin awo ba. Yatsunsa ne tef ɗinsa. Zai cusa hannu tsakanin taya da ƙarfe, ya ce uku, an gama magana ke nan. Da ya ji zan sayi wili sai ya sa hularsa, ya ce ba za a cuci 'yarsa yana raye ba.

A shagon mai sayar da wili sai da na ji daɗin zuwa da shi. Akwai wasu masu ƙyalli da suka tafi da hankalina, ya ƙwanƙwasa ɗaya da sifana, ya kasa kunne, ya shafa bayansa, ya ce an taɓa yi masa walda. Mai shagon ya sunkuyar da kai. Ya kuma ƙirga ramukan noti da yatsa, ya ƙi wasu saboda tazarar ramukan ba ta dace da motata ba. Daga nan ya tsaya a kan wasu baƙaƙe masu ƙafa biyar kamar tauraro, kyawawa na gaske, ya nuna mafi girma a cikinsu. Mai shago ya karanta abin da aka buga a bayansa: inci goma sha tara, faɗi tara da rabi, ofset ashirin da biyu. Na tambayi ma'anar ofset. Baba ya ce wannan surutun masu takarda ne, shi ya riga ya sa hannu a motata ya ji akwai fili. Ban musa masa ba a gaban mutane, sai na roƙi mai shago ya ajiye mini su zuwa kwana uku.

Kawu, ni ban taɓa sa almakashi a yadin mutum ba tare da na auna shi ba, ko da kuwa ya rantse mini bai ƙara ƙiba ba. To ta yaya zan ɗinka wa mota da ka? Na zauna na bincika har na gane ofset. Ashe tazara ce tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskarsa da ke mannewa a jikin mota, kuma da milimita ake auna ta. In lambar ta yi ƙasa, wili ya leƙo waje, in ta yi sama, ya shige ciki wajen birki da shokozoba. Nawa na kamfani faɗinsa inci bakwai, ofset arba'in da takwas.

Washegari na rufe shago da wuri na auna motata kamar amaryar da ta kawo ɗinki. Na ɗaura noti a bakin zare, na rataya shi daga leɓen madigadi, na auna daga zaren zuwa jikin taya. Don in san yadda take in ta ɗauki nauyi, na lallaɓi mijina da ƙanwata suka matsu a kujerar baya, na ɗora kan keken ɗinkina a but ɗin motar. Mijina yana ciki yana mita, wai a duk mazan unguwa shi kaɗai aka mayar buhun siminti. Filin da na samu milimita talatin ne, ba ƙari. Da na lissafa na Baba kuwa, zai leƙo waje da kusan milimita hamsin da takwas. Ban tsaya nan ba. Na yanka kwali daidai fasalin wilin da tayarsa, yadda nake yanka fatan ɗin riga, muka ɗaga motar muka cire tayar gaba, na ɗaure kwalin a wurin, ƙanwata ta murza sitiyari har ƙarshe. Ko rabi bai kai ba kwalin ya daki madigadi ya lanƙwashe.

Na sake yanka wani, na inci goma sha takwas, faɗi takwas, ofset arba'in. Wannan ya zagaya hagu da dama bai taɓa komai ba. Na koma shagon ni kaɗai, na tarar irin baƙaƙen nan masu ƙafa biyar akwai su a wannan awon, zanen iri ɗaya sak. Na ɗauke su, na haɗa da taya mai ɗan gajeren gefe don tsayin wili da taya a haɗe ya tsaya kusa da na asali.

Ranar da aka ɗaura, wallahi sai da na yi hawaye. Bakin taya ya zo daidai da leɓen madigadi, ba ciki ba waje, kamar tare aka ƙera su. Baba da kansa ya ɗaure notunan, yana tsallake ɗaya ya kama na gabansa. Na ɗauke shi muka hau tudun rage gudu, muka yi kwana mai tsanani a shataletale, na taka birki da ƙarfi, ko ƙis ba mu ji ba. Samarin da ke wurin mai faci har hoto suka yi ta ɗauka, wani ya tambayi wane gareji ne ya yi mini lissafin. Na yi murmushi kawai na tayar da motata. Ni ce na yi, da tef ɗina da allina.

Ga inda matsalar take. Baba ya ɗauka nasa aka ɗaura. Ya shafa su, idon bai nuna masa bambanci ba, kuma tun ranar ya zama wani mutum. Ya koma zama a ƙofar gida, duk wanda ya wuce sai ya nuna masa motar ya ce hannunsa bai tsufa ba. Mamata ta ce rabon da ta ga yana cin abinci haka tun da ya bar gareji. Sai ga mai kemis ɗin layinmu, wanda yake da irin motata fara, ya zo neman shawara. Ashe lambobin da Baba ya raina ya haddace su tsaf, ya karanto masa goma sha tara, tara da rabi, ashirin da biyu, ya kuma yi alkawarin raka shi shagon wilin ranar Asabar.

In na yi shiru, madigadi zai yanka tayar bawan Allah, kuma da sunan Baba. In na faɗa, ina tsoron in mayar da shi zaman ɗaki kamar da. Ba zan ɓoye maka ba kuma, akwai wani ɓangare nawa da yake son a san cewa ni na yi wannan aiki. Shin son kai ne? Yaya zan yi?

Telar da ta auna mota

*

'Yata, kafin komai, barka. Na bi lissafinki da biro kuma bai karkace ba. Awon da kika ɗauka zai leƙo da kimanin milimita ashirin da ɗaya, kina da talatin, ga shi kin gwada da nauyi a ciki, kin murza sitiyari har ƙarshe. Na san masu gareji da yawa da ba sa yin rabin wannan. Abin da zan ƙara miki kaɗan ne. Ki sa a sake gwada ɗaurin notunan bayan kin yi tafiyar kilomita kamar ɗari, ki tabbata ramin tsakiyar wilin ya zauna cif a kan mazauninsa, in da sako-sako a sa zoben da ake cike wurin da shi, sannan a duba saitin ƙafafun. Son a san aikinki kuwa ba son kai ba ne. Kin yi abu mai kyau, kina so mahaifinki ya sani, kowane ɗa haka yake.

Amma ki yi wa dattijon nan adalci. Kunnensa ne ya raba ki da wilin da aka yi wa walda, kuma a mota mai gudu wannan ya fi gogar madigadi haɗari nesa ba kusa ba. Yatsansa ne ya tace miki ramukan noti. Inda ya kuskure wuri ɗaya ne, kuma ina ganin dalili: ya saba da manyan motoci inda ƙarƙashin madigadi fili ne har da saura, yatsa uku ko huɗu duk ɗaya ne. Irin motarki kuwa da milimita ake rayuwa a cikinta. Ke ma kina da naki laifin. Auna motar daidai ne, sauya wilin ma daidai ne, ɓoye masa ne bai dace ba, ga shi yanzu ɓoyon ya kai ga mutum na uku.

Don haka shiru ba ya cikin zaɓinki. Ki faɗa masa kafin Asabar, ku biyu kawai, ba a gaban mai kemis ba, ba a gaban mijinki ba. Ki fara da neman afuwar ɓoyewar, kada ki nemi afuwar awon. Kada ki ambaci idonsa ko sau ɗaya, domin ko mai ido garau ba ya ganin ofset daga tsaye. Kada kuma ki karanta masa lambobi, mutumin hannu ne. Ki cire tayar gaba, ki ɗaura kwalin farko, ki sa ya ɗora tafinsa a leɓen madigadi, ke ki murza sitiyarin. In kwalin ya daki hannunsa zai gane cikin daƙiƙa ɗaya abin da bayanin awa guda ba zai shigar masa ba. In ya tambaya, ki ce filin yatsa ɗaya da rabi ne, wilin kuma yana neman uku.

Daga nan ki bar masa gyaran. Shi zai kira mai kemis ya ce ya sake duba maganar, ba ke ba. Ranar Asabar ku tafi tare, shi ya ƙwanƙwasa ya saurara, ke ki auna, kuma ki auna farar motar daga farko, don ba lallai shokozobarta ta zauna kamar taki ba.

Zai iya yin fushi, ba zan yi miki alkawarin akasin haka ba. Ki jure, na kwana biyu ne. Abin da ba zai warke a kwana biyu ba shi ne taya ta yage a motar maƙwabci, unguwa ta ce shawarar tsohon bakanike ce. Wannan sunan ya yi shekara arba'in yana gina shi, kuma a makon nan ke kaɗai ce kike da ikon tsare masa shi. Allah ya ƙara masa lafiya, ya yi miki albarka, ya tsare ku a hanya ke da jar motarki.

Kawunku