Baƙon da Na Zana Yana Atishawa

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Baba, ya yara? Ni lafiya lau, mura ce kawai. Likita ta ce mura ba ta da magani, amma zumar da kike ba mu an gwada ta, tana rage tari.

A maɗaba'ar da nake aiki, wasu 'yan siyasar ƙasar nan masu ƙin baƙi irina sun kawo aikin fosta. Maigida ya miƙo min, na kasa cewa a'a. Na zana musu baƙo yana atishawa a kan mutanen gari, wai yana baza cuta, kuma aikin ya yi kyau, Inna. Yanzu yana manne a kowace tasha.

Jiya a bas na danne atishawa har idona ya kawo ruwa.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki