Ranar da Baba Goni Ya Shafe Ƙasa

Litinin, 6 ga Mayu

A gidanmu ba a furta kalmar "duba". Iya, mahaifiyata, cewa take za ta gaida Baba Goni. Yaya Mikail kuma ya ce bokanci ne, haramun, ya ja ƙofa. Mu a ofis kullum muna faɗin abin da zai faru baɗi, rabi ba ya faruwa. Namu sunansa hasashe, har albashi ake ba mu.

Laraba, 8 ga Mayu

Na raka Iya wurin Baba Goni, don ƙafarta ta kumbura. Zaure a bayan Dala, da faifai cike da rairayi. Ta ɗora tafinta a kai, ta raɗa abin da duk mun sani: ciwon ƙodar nan. Ya ɗiɗɗiga da yatsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya shafe da tafin hannu.

"Falmata, yau ƙasa ba ta yi magana ba. A yi sadakar waina."

Iya ta ce, "Ita ma tsufa ya kama ta, Baba."

A Adaidaita na ce mata ko ni zan iya wannan aikin.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na ba Inna Fanna, maƙwabciyarmu, labari don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Wai tun suna 'yan mata haka yake: in ya ga alheri ya faɗa, in ya ga akasinsa ya shafe. Na ce Iya ta san haka? "Ai ita ta gaya min."

Ban yarda rairayi ya san komai ba. Amma abinci ya ƙi ciwuwa.

Talata, 14 ga Mayu

A asibiti likitan Iya ya kira ni gefe. Watanni, ba shekaru ba. Ya ce hasashe ne kawai, sani sai Allah. Tunda ni ce 'yar boko, ni zan yi mata bayani.

Laraba, 15 ga Mayu

Ina gyara mata shimfiɗa ta ce, "Shamsiyya, me likitanku ya ce?"

Na shirya magana tun a hanya. Sai na ji bakina yana cewa bai ce komai ba tukuna. Hannuna yana ta shafa zanen gadon, alhali babu abin gyarawa.

Ta kalli hannun. Ta ce, "To, a jiƙa shinkafa."

Na jiƙa. Waina ce kawai, yaran unguwa za su ci.