Baturen da Ya Ƙi Faɗuwa

Daɗin Kowa, Litinin

Zainu,

Gaisuwa, don dole. Ka kunyata ni. A wasan tunawa da yaƙin kakanninmu da Turawa, ba ɗan ƙauyenmu da ke yarda ya sa hular Bature, shi ya sa na ɗauko ka. Mun yi da kai: in an buga ganga sau uku, na ɗaga mashi, ka faɗi. Sai ka haye dutse kana mana gwalo! A ranar ne Kaka Jang zai damƙa mini mashin kakansa a gaban jama'a. Ya koma gida da abinsa.

Ka zo ka ba shi haƙuri.

Chuwang

Farin Gada, Laraba

Oga Chuwang, sarkin yaƙi,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan haƙarƙarinka ya daina ciwo. Gudun rabin awa kawai ka yi kana bi na, sai ga ka kana haki kamar tsohuwar gingimari a kan tudu!

Haƙuri kuwa ba zan bayar ba. Da farko tsokana ce, ban musa ba. Amma da na hau dutsen nan na hango ku, raina ya ɓaci. Kai ka faɗa mini da bakinka, an ƙone muku rumbunan acca, mata sun ɓuya cikin kogo da jarirai, maza sun tari bindiga da mashi. Wannan ne za ku mayar ganga uku, Bature ya faɗi, a tafa, a je a ci nama? In haka yake faɗuwa, me ya kashe mutanenku? Zazzaɓi?

Ni ban yi boko ba, buhun kabeji nake lodi. Amma na san wanda ya rena abokin gabar kakansa, kakan ya rena. Ku ne za ku ba tsohon haƙuri, wallahi.

Ka gaishe da ƙanwarka Hosana. Ka ce mata na ga dariyar da take ɓoyewa a gyale.

Naka,
Zainulabideen, Gwamnan kan dutse

Daɗin Kowa, Asabar

Zainu,

Barka. Na karanta wa Kaka takardarka don ya tsine maka. Bai tsine ba. Ya ce shekara sittin yana kallon wasan nan, bana ne kaɗai ya ji tsoro.

Mashin sai baɗi, in na kayar da kai da ƙarfina. Ba ganga.

Ka huta lafiya. Ni na fara gudun safe.

Chuwang