Dutsen da Aka Ce Ya Taɓa Aman Wuta

Zuwa ga Baturen da ke shugabantar masu binciken duwatsu a hamada.

Gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe. Mu nan Gwandu lafiya lau, sai maigida da ciwon ido ya sa a gaba. Surukata, matar ɗana, tana gidansu a Kalgo, cikinta ya tsufa. Da hannuna nake rubutu. Da furfura na shiga ajin manya, a yi haƙuri da layukana.

Na ɗaya. Kun ɗauki ɗana jan raƙuma, kuka ce wata biyu, ga shi an shiga na biyar. Ɗan farina ne, ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, amma yau dole na rubuta: Garba.

Na biyu. Wani falke ya kawo takardarsa. Ya rubuto cewa kun sauka gindin wani baƙin dutse a tsakiyar rairayi, bayan Agadas, mai rami a ka wanda garin Kalgo zai shige ciki. Wai kun ce tun kafin a yi mutane a wurin, wuta ta faso daga ƙarƙashin ƙasa, dutse ya narke ya malala kamar kunu, sa'an nan ya daskare. Sau uku na karanta, na ajiye takardar na yi salati. Ya aiko da guntun dutsen mai huda-huda kamar saƙar zuma. Na jefa shi a ƙwaryar ruwa, ya ƙi nutsewa. Matan unguwa suka cika gidan suna kallo, har limaminmu ya aiko a kai masa. Ikon Allah ya fi gaban tunanina.

Na uku, shi ne kukana. Yanzu wai igiya kuke ɗaura masa, kuna zura shi cikin ramin yana faso muku duwatsu, kun ce wutar ta mutu. Ranka ya daɗe, tun ina yarinya nake binne garwashi a toka. Sama sanyi ƙalau, in ka tona ja wur. Wa ya tona muku ƙasan wannan?

Roƙona: a daina zura shi. Raƙuma aka ɗauke shi ja, a bar shi wajen raƙuma, a kuma gaya mini ranar dawowarsa. Ina son amsa kafin a ga watan Azumi, don in san ko shi zai tsaya a sunan abin da matarsa za ta haifa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya mai da kai ma wajen mahaifiyarka.

Wassalam.
Ni ce Hajo, mahaifiyarsa, Gwandu.