Malam Ya Ajiye Sanda

Birnin Kudu, daren Laraba

Yau Malam bai fita ba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, likita ya ce ya riƙa takawa kullum, in ba haka ba ƙafar za ta mutu. Wata biyu ke nan yana zagaya rumfunan kasuwa da sassafe yana dafa ginshiƙai. Har ya fara kaiwa layin mahauta.

Jiya wani mutumin Gwaram ya tare babban ɗanmu a tasha, ya ce, "Kai da sabon babur, tsohonka yana jan ƙafa a kasuwa kamar marar kowa?" Ya dawo gida ido jajir, ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah ka rufa mini asiri."

Malam ya ce, "To."

Ni na rubuta maganar likita a littafin nan, da karkataccen rubutuna. Amma ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, balle in tsawata masa.

Da magariba Malam ya miƙo mini sandarsa, ya ce in adana. Na karɓa. Allah ya yafe mini.